Tsakanin "Ta Ƙi" da "Ta Kasa"

Duk wanda ya taɓa zama ajin nazarin harshe, ko na wata guda ne, an kawo masa misalin aikatau ɗin nan "ci". Malamai na son sa don ba ya ƙarewa. A ci tuwo, a ci kasuwa, a ci bashi, a ci amana, a ci jarrabawa, wuta ta ci gida, riga ta ci yadi biyar. Ni kuwa shekara biyu ke nan hankalina na kan wasu ƙananan kalmomi biyu da ke shiga gabansa: ƙi da kasa. In aka ce yarinya ta ƙi ci, an gama yanke mata hukunci. Taurin kai ne, maganinsa faɗa ko lallashi, wani gidan ma bulala. In aka ce ta kasa ci, to ta shiga sahun marasa lafiya, sai a nemi asibiti. Amma akwai wani ciwo da ke zaune daidai tsakanin kalmomin nan biyu, kuma har yau Hausa ba ta raɗa masa suna ba.

Da Faransanci ana ce masa anorexie mentale. A shekarar 1873 likitoci biyu suka bayyana shi, William Gull a Landan da Charles Lasègue a Paris. Sunan ma da sauƙin ɓatar da mutum, domin asalinsa a harshen Girka rashin sha'awar abinci yake nufi, alhali mai ciwon sau da yawa yana jin yunwa sarai, tsoron cin ne ya fi ƙarfin yunwar. Kuma ku duba karnen asibitinku: duk wanda zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke wa ɗanɗanon baki, anorexie ake rubuta masa. Kalma guda ke nan tana ɗauke da ciwon kwana uku da kuma ciwon da ke cikin waɗanda suka fi kisa a cututtukan ƙwaƙwalwa.

Na san abin da wasunku za su ce, don an sha faɗa mini: wannan ai ciwon Turawa ne, ciwon ƙoshi. A ƙasar da ake auna hannun yara da zare mai launi don gano tamowa, wa zai gudu daga tuwo? Kuma mu nan ƙiba ita ce kyau. Gaskiya ne, har wata mai bincike, Rebecca Popenoe, ta yi littafi sukutum a 2004 kan yadda Larabawan Azawak ke ɗura wa ƴanmata madara da gero don su cika kafin aure. Amma a tsibirin Fiji ma haka ake son mace, cikakkiya. Talabijin ta isa wani yankinsu a 1995. Da Anne Becker ta yi bincike a lokacin, ba ta samu ɗaliba ko ɗaya da ke jawo amai don rage jiki ba. Bayan shekara uku, kusan kashi 11 cikin ɗari suka ce suna yi. Su talabijin ce guda a falo. Mu kowace yarinya tana da tata a tafin hannu.

Wadda ta sa ni wannan rubutu ƴar kawuna ce, gida ɗaya muka tashi a tsohon gari, inda in ka ɗaga kai daga tsakar gida hasumiyar masallaci kake gani. Ta yarda in rubuta, da sharaɗin kar in kama suna. Abin mamaki, hanyarta ta fara ne daga neman ƙiba. Tana da shekara goma sha biyar, doguwa siririya, wata gwaggonmu ta ce ba mai auren sillen kara. Ta sayo mata ƙwayoyin nan na masu tallar magani a tire, waɗanda ake ce wa sha-ka-fashe. Yawancinsu maganin kumburi ne mai ƙarfi, irin su deksametazon, wanda ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki. Cikin ƴan watanni fuskarta ta zama kamar faranti. A lise aka laƙaba mata suna, wani ya ɗauki hotonta ya jefa a gurup ɗin WhatsApp na aji. Ta daina shan ƙwayar, abin da ya dace ke nan. Sai dai ba ta tsaya nan ba.

Kwano ɗaya da muke alfahari da shi, shi ya fi komai ɓoye ta. Hannu biyar a cikin tuwo, wa ke ƙirga lomar wani? Takan gutsuri ɗan kaɗan, ta yi ta murza shi a yatsu, ta tura nama gaban yara, a ce kai, yarinyar nan akwai tausayi. Ta karɓe girkin gidan gaba ɗaya, in an ce zo ki ci ta ce ai ta ci a madafa. Daga nan sai azumi: Litinin da Alhamis, kwana uku na tsakiyar wata, sannan ramuwar da ba wanda ya san adadinta. Wa zai hana yarinya ibada? Yabo ma take sha. Ga shayi, kofin farko mai ɗaci, tana kurɓa don ya kashe mata yunwa. A watan Afrilu, lokacin da kowa a Agadas ke neman inuwa, ita rigar sanyi take sawa a ƙarƙashin hijabi. Al'adarta ta ɗauke wata da watanni, ba ta faɗa wa kowa ba.

Da ramar ta kai inda hijabi ba ya rufe ta, gida ya tashi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Aka sayo siro na buɗe ciki a farmasi, kwalba bayan kwalba, alhali cikin nata a buɗe yake. Kawu ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Duk wannan a ƙarƙashin jimla guda ake yin sa: ta ƙi ci. A shekarar da za ta rubuta bak ta yanke jiki ta faɗi a filin makaranta.

A asibiti Allah ya haɗa mu da wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana aiki a sashen farfaɗo da yara masu tamowa mai tsanani, wanda ake kira CRENI. Ita ta fara tare mu, a zahiri ma, a bakin ƙofa. Gwaggo ta iso da kula cike da farfesun akuya, ga ƙwaryar fura da nono, da niyyar yau sai an cika cikin nan ko da ɗure ne. Matar ta ce, "Hajiya, ki koma da shi. In ta cinye wannan yau, shina iya kashe ta."

Mun ɗauka zuzutawa ce. Daga baya na je na karanta, na ga ba ta ƙara ko gishiri ba. Jikin da ya daɗe cikin yunwa yana rage wutarsa, ya koma cin kitsensa da tsokarsa, kuma ajiyarsa ta wasu gishirai, wato fosfet da fotasiyam da maganiziyam, takan ƙare a hankali ba tare da an gani ba. In aka kwararo masa abinci mai sitaci da sukari farat ɗaya, sinadarin insulin zai tashi, ya kwashe ɗan abin da ya rage na gishiran daga jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki. Zuciya kuwa da su take bugawa. Sai bugun ya rikice, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. An ga haka ƙarara bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka saki fursunonin da suka sha yunwa: wasu sun tsira daga sansani, abincin murnar fitowa ya kashe su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan ilimi ba baƙo ba ne a Nijar. Ƙasarmu na cikin wuraren da duniya ta koyi jinyar tamowa. A yunwar 2005 ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a ƙasar nan, mafi yawansu a jihar Maraɗi, da tunkuzar gyaɗar nan ta cikin leda, Plumpy'Nut, wadda mata ke ce wa biskit. Amma yaron da aka kawo ƙashi da fata, ga rashin lafiya a kai, ba a fara masa da biskit. Madara ce mai sauƙi ake fara ba shi, F-75, kaɗan-kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana. Sai jikinsa ya daidaita a matsa zuwa F-100 ko biskit ɗin. Duk uwar da ta taɓa kwana a wannan sashe ta san haka. Abin da ba mu yi ba shi ne mu ɗauki wannan sani mu kai shi kan budurwa ƴar shekara goma sha takwas, ƴar gidan da ake sauke tukunya sau uku. A kanmu tamowa ta yara ce, ta talauci ce. Matar nan ita ba ta tsaya kan suna ba. Ta kalli jiki ta ga jikin da yunwa ta cinye, ko ma me ya kawo yunwar.

Ta yi kwanaki a kwance. Likita na duba jini da bugun zuciya, ana ba ta ɗan abinci a kan awo, ana ƙarawa sannu-sannu. Wannan mataki ba na gida ba ne, kuma ina roƙon duk wanda ke da irin wannan mara lafiya kar ya gwada shi a ɗaki.

Ranar sallama aka ba mu takarda guda, rubutun hannu. Ci sau shida a yini, kar a bar fiye da awa uku tsakani. Kunu da madara da safe. Ƙarfe goma dabino da cuku. Da rana abin da gida ya dafa, shinkafa da wake ne ko taliya, amma da mai, ba a tsame mata gefen da babu mai. La'asar fura da nono. Dare tuwo. Kafin barci kofin madara. Shayi sai bayan an ci, kuma ba na farko ba. Babu wani abu a takardar da ba a sayar da shi a kasuwar Agadas. Kuɗin madara da ƙwai ya taɓa aljihun kawu, ba ƙarya, amma matar ta ce in ya gagara gyaɗa da wake da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suna yin aikin. Sharaɗi biyu ne ta ja wa layi: kwanonta daban, don a san abin da ya shiga, kuma wani babba ya zauna da ita lokacin ci da awa guda bayansa.

Kwano daban ɗin nan ya so ya zama rigima. Kakarmu, da muke kira Iya, ta ce a gidanta baƙo ake ware wa kwano, sai kuma mai ciwon da ake gudu, kuma jikarta ba ko ɗaya ba ce. Aka yi shiru. Can ta ce, to, a zubo mata nata ita ma daban. Tun daga ranar su biyu ke ci a ɗakin Iya, kowa da kwanonsa.

Kar wani ya ɗauka daga nan labari ya yi daɗi. Na zo hutu na ga kofin kunu guda ya ci awa ɗaya da kuka. Tana cewa cikinta zai fashe, kuma ba ƙarya take ba: cikin da ya daɗe ba ya aiki yana jinkirin tura abinci gaba, loma biyar sai ta zauna kamar dutse. Maganin wannan kumburi shi ne a ci gaba da ci a kan lokaci har hanjin ya tuna aikinsa, abin da ke ɗaukar makonni. Ka yi tunanin a ce maka maganin abin da kake tsoro shi ne ka yi shi sau shida kullum. Mai ciwon sukari yana haɗiye ƙwayarsa ya manta. Ita tata ƙwayar tana da wari da ɗanɗano, sai an tauna.

Na taɓa tambayar matar asibitin, ba gara a fara gyara tunaninta ba, in ya so sai ta ci da kanta? Ta ce, "Ƙanwata, ƙwaƙwalwar da ba ta ci ba, ba ta jin magana." Nan ma akwai bincike a bayan zancenta. A jami'ar Minesota ta Amurka, tsakanin 1944 da 1945, Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu da suka yarda a rage musu abinci kusan rabi na tsawon wata shida, har suka zubar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ba wanda ke da ciwon ƙwaƙwalwa a cikinsu da farko. Amma sai ga su suna tara littattafan girki, suna yanka abinci ƙanana-ƙanana, suna jan cin loma kaɗan na tsawon lokaci, ga fushi, ga ƙunci, ga gudun mutane. Da na karanta sai na ga ƴar'uwata: murza loma, karɓe madafa, kwana kallon bidiyon girki a waya. Ashe da yawa daga abin da muka ɗauka halinta ne, aikin yunwa ne. Kuma da aka zo farfaɗo da samarin, ƙarin bitamin bai yi wani abin kirki ba. Yawan abincin ne ya yi. Na so a ce gwaggo na jin Ingilishi, da na kai mata shafin ta ajiye kusa da kwalaben siro.

Sai batun baki, wanda shi ne fagena. Gaisuwarmu a jiki take sauka. "Kai, kin murmure!" "Ma sha Allah, kin yi kumatu." "Jiki ya dawo." Mu addu'a ce da farin ciki. Ita abin da take ji shi ne: kin koma farantin nan na gurup. Wata maƙwabciya ta faɗa mata haka a wurin suna, kwana biyu aka yi ana fama kafin abincin rana ya sake shiga. Dole aka kafa doka a gida, ba a maganar jikinta, ko yabo ko suka. Iya ce ke tare baƙi tun daga zaure ta ja musu kunne. Haka ma "ki ci don Allah", "ki ci don ni", "dubi yadda uwarki ta rame saboda ke". Kowace ɗaya bashi ce ake ɗora mata a kan wanda take ɗauke da shi.

Na zauna na saurari abin da Iya ke faɗa, tunda ita ce ke cin nasara. Ba ta cewa "ki ci". Takan ajiye kwano, ta ja nata, ta ce, "Lokaci ya yi. Bismilla, a ci." Wannan "a" da muke kira wakilin suna na boye a aji, wanda ba ya nuna kowa, shi ne ya sauke wa yarinyar nauyin umarni. Ba ita ake tuhuma ba, ci ne ake yi, ita ma tana ciki. In ta fara cewa ta ƙoshi, man ya yi yawa, Iya sai ta ce, "Wannan ba ke ba ce, shi ne ke magana. Bari shi gama, mu muna nan." Sannan ta ɗauko labarin ayarin gishiri na Bilma da mijinta ya bi yana saurayi, labarin da kowa a gidan ya haddace.

A asibitin Maudsley na Landan, inda aka tsara hanyar jinya da ke ɗora wa iyali alhakin ciyar da matashi mai wannan ciwo, ana koya wa iyaye su raba yaron da ciwon a cikin maganarsu. Mu nahawunmu ya ba mu wannan kyauta. Ba mu cewa ina da zazzaɓi kamar abin mallaka, cewa muke zazzaɓi ya kama ni, yunwa ta kama ni, tsoro ya kama ni. Ciwo mai aikatawa ne, mutum abin da aka kama. Na san inda wannan ke iya zamewa: daga "ya kama ta" zuwa aljani taku ɗaya ne, kuma har gobe Iya ta yi imani iska ce. Na daina gardama da ita a kan haka. Matsalar iska tana tasowa ne in ta hana zuwa asibiti. Iya kuwa tana tofa addu'arta a kan kunun, sannan ta tabbatar an shanye shi.

Watan azumi ne ya fi ba mu tsoro, domin ba wanda ya kai ta ɗokin zuwansa. Kawu ya je wurin malamin unguwa da bayanin asibiti. Malamin bai ja zance ba, ya ce mara lafiya an ɗauke masa, kuma wanda likita ya ce azumi zai cutar da shi ba gwaninta ba ce ya yi. Iya, wadda tsufa ya riga ya sa take ciyarwa a madadin azumi, ta ci gaba da zama da ita ƙarfe goma na safe, ƙofa a rufe, gari duk na azumi su biyu suna cin dabino da cuku.

Al'adarta ta dawo bayan watanni. Ta daina jin sanyi a bazara. Dariyarta ma ta dawo, wadda sai da muka ji ta muka gane tun yaushe ba mu ji ba. Amma abinci bai gama aikin ba, kuma matar asibitin ba ta taɓa cewa zai gama ba. Tsoron na nan, ya dai rage murya. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne zama da masanin halayyar ɗan'adam a kai a kai, irin waɗannan kuwa ƴan kaɗan ne a ƙasar, yawancinsu a Yamai, kusan kilomita dubu daga ƙofar gidanmu.

Tunda a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, wata rana dole wani ya zauna ya fassara takardun asibiti, kuma zai iso kan wannan kalma. Na ji an ce "ciwon ƙin abinci". Ban yarda da shi ba, don ya dawo da ƙi ɗin nan da ya ci mana shekara biyu. "Tamowar manya" ya kama jiki ya bar zuciya. Ni "ciwon tsoron ci" nake so, ko da yake bai rufe masu ci su jawo amai ba, waɗanda jikinsu ba ya nuna komai, kuma ina zargin sun fi yawa a ɗakunan kwananmu na jami'a, maza da mata. Wanda ke da wanda ya fi wannan, ya kawo a zamanmu na gaba.

Ta sake rubuta bak, ta ci. An ba ta gurbi a jami'ar Damagaram. Gida ya rabu biyu: kawu na cewa ta tafi, gwaggo na cewa a bari sai baɗi. Ita tana son tafiya, ta ma sa ƙararrawa shida a wayarta. Iya ba ta ce komai a kan karatun ba, tambaya guda take ta maimaitawa, wa zai zauna da ita ƙarfe goma. Muna da wata ƴar'uwa da ke aure a unguwar Birni, an ce za a kira ta ranar Juma'a.